Dada na so ta taka filin da ban saya ba

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin ku fara wanke ni, ku karanta har ƙarshe, don na san halinku, layi biyu kuke karantawa ku yanke hukunci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Mubi, ni ce babba a ɗakinmu. Shekara uku da suka wuce mahaifiyata, muna ce mata Dada, ta sayar da shanunta da ake mata kiwo a Sorau, ta ƙulle kuɗin a ɗankwali ta miƙo mini. Ta ce, "Ke ne mai boko. Ki saya mini fili a Digil, wanda zan taka da ƙafa na." Na ce to. Ban saya ba. Gaba ɗaya na zuba kuɗin a abin da ake kira REIT, wato kamfani mai rajista da ke tara kuɗin jama'a ya sayi manyan gine-gine a Legas da Abuja, ya ba da haya, ya riƙa raba kuɗin hayar ga masu hannun jari. Da sunanta na saya, ba da nawa ba, ku riƙe wannan. Amma da na kawo takardun ta dangwala yatsa, ce mata na yi na filin ne.

Ku tambaye ni dalili mana. Da wayona muka gudu daga garin nan da kayan jikinmu lokacin da 'yan bindiga suka shigo, muka dawo muka tarar shagunan Baba uku sun zama toka. Duk abin da ya tara a layi ɗaya yake, rana ɗaya ya tafi, kuma Baba bai ƙara komawa daidai ba har ya rasu. Sannan wa bai san filin da aka sayar wa mutum uku ba? Bappana, ƙanen Baba, takalminsa ya ƙare a hanyar kotu kan fili ɗaya a Duvu, amma shi ne mai cewa dukiyar da ba a gani da ido ta aljanu ce. Da na gaya wa Dada gaskiya, shi za ta fara tambaya, kuma da tuni kuɗin suna aljihun abokinsa dillali. Wallahi ban yi nadamar inda na sa kuɗin ba.

Inda kunya take kama ni shi ne maganar masara. A nan idan ka ba wani filinka ya noma, da kaka zai kawo maka rabonka. Kakar farko Dada ta ce, "Mai noma fili na bai kawo komai ba?" Na ciri kuɗi daga hayar da aka turo, na shiga kasuwa na sayi buhun masara biyu, na sa a keke na kawo gida. Ta tura hannu cikin buhun har gwiwar hannu, ta ɗebo ta shinshina, ta ce, "Kai, ƙasan nan mai kyau ne." Ta riƙa aunawa kwano-kwano tana aika wa maƙwabta, a ce musu na gonarta ne. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na taya ta aunawa. Kaka uku ke nan ina wannan aikin. Maganin hawan jininta ma daga hayar nan nake saya, ita kuma tana sa mini albarka a kan albashina.

Yanzu idon Dada ya fara tafiya. Tun bara ta shuka ƙwallon mangwaro a gwangwanin madara, kullum tana ba shi ruwa da butarta. Makon jiya ta kira ni da Fulatanci yadda take yi tun ina ƙarama, ta ce, "Ɓingel am," wato 'yata, "ran Asabar ki kai mu, ni da Bappanki. Shi zai yi addu'a a kusurwa huɗu, ni in dasa wannan a kan iyaka. Ina so in ga abu na kafin ido ya rufe." Na ce Dada damina ce, hanya ta lalace, mayo, wato rafi, ya cika, keke ba zai haye ba. Ta ce, "To ki goya ni."

Ƙawata ta ce in ari filinta na rana ɗaya in nuna musu. In bar tsohuwa ta durƙusa ta dasa bishiyarta a ƙasar wani? Ban kai nan ba. In sayar da jarin in sayi fili a gurguje? Shi ma ba zan yi ba. E, filaye sun yi tsada, kuɗin ba zai sayi abin da zai saya a da ba, na sani, kada wani ya tuna mini. Amma ba na so in mayar da ita inda Baba ya tsaya, kuma ban ci mata ko sisi ba. Duk mai son ce mini ɓarauniya ya ajiye yawunsa.

Tsorona ɗaya ne, kada ta daina yarda da ni. Ina da hoton ɗaya daga cikin gine-ginen a waya, dogon bene mai gilashi. Na yi tunanin in nuna mata in ce Dada kina da rabo a nan, sai na tuna ko lambar Bappa ba ta iya gani a waya yanzu, ni nake danna mata.

Yau Laraba. Ta wanke zanen da za ta ɗaura, ta ajiye gwangwanin a bakin ƙofa don kada mu manta shi. Jama'a, me zan yi?