Filin dawakinka bai tsiro ba

Zuwa ga Malam, baban Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na mace ga mijinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba a kai saƙo inda kake, amma abin da ke cina ba mai gane shi sai kai. Ka daure ka saurare ni har ƙarshe, ko da yake da kana da rai ba ka cika yin hakan ba.

Maganar filin dawakinka ce, na bakin kogin Komadugu.

Ka tuna ranar da ka fara kai ni can? Ni 'yar kanti ce, tashin birni, 'yar Damagaram, abin da na sani game da doki shi ne in kauce masa a hanya. Na ga ka raba ɗan filin kashi uku da shingen ƙaya, dawaki suna kiwo a ɗaya, sauran a rufe. Na ce lallai na auri Babarbaren da ke yi wa dabbobinsa rowar ciyawa. Ka yi dariya ka ce, "Hili ma gajiya yake yi, Hajara. A bar shi ya huta."

In aka yi ruwan fari, sai ka ɗaure su a turke kana ba su busasshiyar harawa, ga sabuwar ciyawa a gabansu suna ta haniniya. Maƙwabta suna cewa ba ka da tausayi. Ni ma na faɗa, a gaban idonka kuwa. Ba ka sakinsu sai ciyawa ta rufe maka idon sawu. Kashinsu kuma ka kwashe da kanka, ka watsa a ɓangaren da ke hutawa.

Ina cikin takaba ƙanenka Bukar ya sayo injin ban ruwa daga Najeriya. Ka san yadda tattasai ya shiga kan mutanen Diffa. Ya ce ƙasa mai taki irin wannan ba ta doki ba ce, ya cire shinge, ya mayar da kashi biyu na filin fangalin tattasai. Ba mugu ba ne, iyali yake ciyarwa, har da mu. Dawakinka biyu, Bidi da goɗiyarka Kili, aka bar su a kashin da ya rage, rani da damina.

Malam, sun cinye ciyawar har saiwa. Abin da haƙori ya bari, kofato ya tone. Da farko tsidau ne ya maye wurin, daga baya shi ma ya ɓace. Sai na riƙa ganinsu suna bin ƙasa da leɓe suna tsintar abin da babu.

Wata safiya na tarar da Bidi yana birgima, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana ta waigen cikinsa. Likitan dabbobi ya zuba kashinsa a bokitin ruwa, ya dama, ya tsiyaye. Yashi ne ya kwanta a gindin bokitin, zalla. Ashe ƙasar filinka suke ci tare da guntun ciyawar. Bidi bai kai la'asar ba.

Tun ranar tsoro ya shige ni, har yau bai fita ba. Ga Kili da ciki. Na aika aka kira abokinka Buba, Bafillacen nan na wajen N'Guelbély, na roƙe shi ya tafi da ita ta yi damina a cikin shanunsa. Ya yarda saboda kai, amma ya ce in kaka ta yi zai yi nisa da garkensa, dole ya dawo da ita.

Da ta tafi, na yi duk abin da na ga kana yi. Ni da Falmata muka saro ƙaya muka rufe wurin. Na watsa taki. Na share gindin rumbun ciyawar maƙwabta, na kwaso ƙurar da ke da iri na yayyafa. Da ka ga 'yar kantin taka da kwando a kai, da ka sha dariya.

Yanzu damina ta yi nisa. Ko'ina ya yi kore shar, daga bakin kogi har hanyar Mainé, sai naka. Fuskar ƙasar ta daskare kamar daɓen ɗaki. Ruwa ba ya shiga, gudu yake yi ya faɗa kogi da takin da irin gaba ɗaya, har ya fara yanka rami ta tsakiya. Kullum da hantsi nakan je in durƙusa in tona da yatsa, ko zan ga wani abu yana fasowa. Falmata tana cewa, "Inna, ki ƙara haƙuri." Bukar kuwa ya ce in wurin bai farfaɗo ba, gara a kai Kili kasuwa da a kashe ta da yashi. Haushinsa nake ji, don na san gaskiya ya faɗa.

Ka koya mini cewa ƙasa tana gajiya. Ba ka faɗa mini ko tana mutuwa ba, ni kuma ban tambaya ba, ina zaton kana nan kullum.

Ranar kasuwa saƙon Buba ya iso. Kili ta haihu, namiji, lafiya lau, har ya fara tsinkar ciyawa kusa da uwarsa. Yana tambaya yaushe zai kawo su gida. Ɗan saƙon ya zauna yana jiran amsa, na ba shi ruwa ya sha, na sake ba shi, har ya gaji ya tafi.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka. Allah ya rayar da wannan ƙasa kafin kaka, ya cire mini wannan fargaba.

Taka har abada,
Hajara