Za A Mai Da Mahaifina Mugu A Fim

Anti Fanna, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin Litinin ta sama, domin ranar ce aka ce in sa hannu a wata takarda, kuma yau kwana tara ke nan tana kan teburina ina zagaye ta kamar an ajiye mini kunama. Na canja sunayen mutane, ko da yake duk wanda ya san garinmu Khaddamari zai gane ni.

Shekarata talatin da huɗu. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata, ina zaune a unguwar Galtimari da mijina da 'ya'yanmu biyu. Babu wani abin kallo a rayuwata yanzu. Amma ina 'yar shekara tara ni ce yarinyar nan mai lissafi da ka. A ba ni lamba mai gida uku a ce in ninka ta da wata mai gida uku, kafin malami ya cire murfin biro na faɗi amsa. Ban san yadda nake yi ba, har yau ban sani ba, kuma zuwa jami'a ya rage mini saurin sosai.

Malamarmu ta aji huɗu, Malama Dorothy, 'yar Kudu ce da aure ya kawo ta Borno. Ita ta gano ni, ita ta yi ta rubuta wasiƙu har aka sa sunana a wata gasar lissafi ta yara a Jos. Ta zo gidanmu neman izinin tafiya da ni, babana ya ƙi, ya ce shi zai kai ni da kansa. Watan Agusta ne, yana tsakiyar cire ciyawa a gonar shinkafarsa, sai da ya ƙara kwana guda kafin ya samu wanda zai bar wa gonar. Malama ta yi gaba ranta a ɓace. Mu kuwa muka hau motar banda ta wani abokinsa, muka zauna a saman kwalayen kifi.

Bayan mun wuce Potiskum muka tarar ruwa ya cinye wani kwalbati. Motoci sun yi layi, ana cewa sai ruwa ya janye, wataƙila kwana biyu, gasa kuwa washegari da safe. Babana ya cusa takardata ta shiga gasa cikin hularsa, ya ɗora ni a wuyansa, ya shiga ruwan. Ya kai masa ƙirji. Sau biyu ƙafarsa na zamewa. Abin da na fi tunawa shi ne kunnuwansa na riƙe, don babu wani abin riƙewa. A ƙetare muka samu wata motar. Mun isa saura rabin awa a fara, ina warin kifi, da takalmi ƙafa ɗaya. Na zo ta ɗaya.

To ga inda matsalar take. Ni 'yar fari ce, kuma kin san yadda iyayenmu suke da 'ya'yan fari. Tunda aka haife ni babana bai taɓa kiran sunana ba, “yarinyar nan” nake. A Jos ya ƙi shiga zauren gasar. Da mai hoto ya zo, sai ya tuna bai yi walha ba ya ɓace. Da wani ya tambaye shi ko shi ne mahaifina, ya ce shi dai ya kawo ni ne. Duk wannan a idon Malama Dorothy. Da ta tambaye ni yadda muka zo, na ba ta labari tiryan-tiryan, amma da na zo wurin ruwa sai na ce na haye. Ban ce an ɗauke ni ba. 'Yar fari ba ta buɗa baki ta ce ubanta ya ɗora ta a wuya, kunyarsa nake ji kamar yadda yake jin tawa. Kuma kada in yi miki ƙarya, “na haye” ya fi daɗin faɗa.

Da Malama ta yi ritaya sai ta rubuta ɗan littafi da Turanci a kan tafiyar. A cikinsa akwai yarinya jaruma da ta ratsa ruwa ita kaɗai, da uba mai busasshiyar zuciya wanda ya ƙi a tafi da ita, ya ƙi shiga zaure, ya ƙi ko kiran sunanta. Na karanta, na ji wani iri, na sa shi a ƙasan akwati. Na ce ai ba wanda zai karanta shi a Khaddamari, kuma haka aka yi.

Yanzu wani matashin darakta, Mikail, ya samu izinin Malama zai mai da littafin fim na Hausa. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Ya ba ni labarin fim ɗin a rubuce. A ciki babana ya yayyaga littattafaina ya kulle ni a ɗaki, na fita ta taga, na ɓuya a motar kifi, na haye kogi ni kaɗai da kada a bayana. Kada, Anti, a hanyar Potiskum. A ƙarshe uban ya zo gaban jama'a yana kuka yana kiran sunana sau uku. Na gaya wa Mikail ba haka aka yi ba. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce fim ba ya tafiya sai da wanda za a tsana, uba mai kirki kuma ba ya riƙe mai kallo awa biyu. Yana son sunana na gaskiya da sunan garinmu, don a rubuta cewa abin ya faru da gaske. Takardar da ke kan teburina ke nan.

Ina son fim ɗin, ba zan ɓoye ba. Ina da ɗalibai da suka haƙura da lissafi tun kafin su gwada, an gaya musu kan mace ba ya ɗauka. Ina so su ga yarinya 'yar gona irinsu ta doke 'ya'yan manya. Ban da haka, yarinyar da aka zaɓa ta fito a matsayina ta fi ni kyau nesa ba kusa ba, wannan ma bai ɓata mini rai ba.

Amma babana yana raye. Ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, kunnensa garau. Kullum yana majalisa a gindin masallacin unguwarsu. Fim kuwa ba littafin Turanci ba ne, cikin mako guda zai shiga kowace waya a garin, a ce ashe haka Madu ya yi wa 'yarsa. Kuma ba zai kare kansa ba, domin kare kansa yana nufin ya ce ya goya ni, shi kuwa gara a zage shi. Ba zan iya tambayarsa ba. Hirarmu ta shekara talatin ba ta wuce gaisuwa, ruwan bana, da lafiyar yara ba. Malama Dorothy kuma ta tsufa, tana fama da hawan jini, littafin nan shi take fara nuna wa duk baƙon da ya shiga falonta. In je in ce mata abin da ta rubuta ba daidai ba ne, kuma ni na jawo?

Ƙanena Babagana dariya ma yake yi mini. Wai in daina damuwa, tsoho ya fi ni riƙe gasar nan, don in jikoki suka dame shi da kukan lissafi yakan karanto musu amsar tambayar ƙarshe da na ci da ita, 251,163, da Turanci, shi da bai san Turancin komai ba, har da 'yar in'inar da na yi a tsakiya. Ban san inda ya samo ta ba, ba ta cikin littafin, ni kuma ban taɓa gaya masa ba.

In sa hannu, ko in bar fim ɗin ya mutu? Mijina ya ce duk wanda na zaɓa daidai ne, wato bai ce komai ba.

Taki,
Mai Takalmi Ƙafa Ɗaya, Galtimari

*

Wa alaikumus salam, Mai Takalmi Ƙafa Ɗaya.

Kada ki sa hannu ranar Litinin. Labarin da ya jira shekara ashirin da biyar zai iya ƙara wata guda. Ki gaya wa Mikail haka cikin mutunci, kuma ki kai takardar wurin lauya ya karanta miki ita kafin ki sake taɓa ta.

Ban ga mugu a wasiƙarki ba. Malama Dorothy ta rubuta abin da idonta ya gani da abin da kika gaya mata, kuma ba don ita ba da babu Jos ɗin gaba ɗaya. Mikail yana da gaskiya cewa fim yana buƙatar abin da zai hana jaruma kaiwa ga burinta. Ke kuma shekararki tara lokacin da kika ce kin haye, ba a kama yarinya da laifin kunya. Abin da zan ɗan ja miki kunne a kai shi ne littafin da kika sa a ƙasan akwati kina babba. Wancan shirun ya wuce. In kika sa hannu yanzu, ba shiru ba ne kuma, shaida ce kika bayar.

Ki fara da Malama. Ki je da kanki, ki zauna, ki ba ta labarin ruwan yadda ya faru, da hular da kunnuwan. Kada ki je da niyyar gyara mata littafi, ki je ki ba ta abin da kika hana ta tun kina yarinya. Ki bayyana mata abin da kunyar ɗan fari take nufi a wurinmu, ko da tana ganin ta sani. Matar da ta yi ta rubuta wasiƙu saboda 'yar wani ba za ta so a ci mutuncin mutumin da ya shiga ruwa saboda yarinyar ba. Ina kyautata zaton za ta yi kuka, ta yi miki faɗa, sannan ta nemi biro. Izinin littafin daga hannunta ya fito, don haka in kuka je wurin Mikail ku biyu, maganar ta fi nauyi.

Shi kuma kada ki tsaya gardamar gaskiya da ƙarya da shi, ki yi masa maganar sana'arsa. Yana neman abin da zai riƙe mai kallo, ga ruwa har ƙirji, ga lokaci yana ƙurewa, ga mutum ɗauke da 'yar da ba zai iya kiran sunanta ba ko da ƙafarsa ta zame. Kada ya cire ƙin shiga zauren, kada ya cire gudun mai hoto, ya bar Malama tana fushi da uban har kusan ƙarshe. Masu kallonsa da yawa 'ya'yan fari ne, ko suna da su a gida, za su gane uban nan kafin Malamar cikin fim ta gane shi. Uban da ke yaga littafi sun sha ganinsa. In ya yarda, a rubuta a takardar cewa sai kin ga labarin ƙarshe kin amince. In ya ƙi, ya cire sunanki da na garinku da maganar cewa ya faru da gaske, ya je ya yi fim ɗinsa da kadansa. Ɗalibanki kuwa kina gabansu kullum, ba sai sun jira fim ba.

Saura Baba. Ba na ce ki je ki zauna gabansa ki buɗe zancen ba, za ki takura shi ki takura kanki. Al'adar da ta hana ku magana ido da ido ita ce kuma ta tanadi ɗan aike. Ki nemi wata babba da yake sakewa da ita, gwaggonki ko mahaifiyarki, ta gaya masa za a yi fim, kuma yarinyar nan ta ce ba za a yi ba sai an sa wanda ya haye da ita. In ya ce a yi, a yi. In ya ce a sakaya sunansa, a sakaya. Ko bai ce komai ba, saƙon ya isa inda kike so ya isa tun kina shekara tara.

Kin ce ba ki san inda ya samo amsar nan ba. Ke malamar lissafi ce, ina jin kin sani, so kike wani ya faɗa miki. Ana iya ba mutum labarin lamba, amma ba a ba shi labarin in'ina har ya riƙe ta shekara ashirin da biyar. Da kunnensa ya ji. Bai shiga zauren ba, amma zauren yana da taga. Ki gaya wa Mikail ya kafa kyamararsa a bakin tagar nan.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya ba Malama sauƙi, ke kuma ya sa ki ga fim ɗin da za ki iya kallo a gidanku ba tare da kin sunkuyar da kai ba.

Anti Fanna