Launin da Ya Kwana a Bayan Kabad

Ya Salamatu, sanyin idona, inuwar yammacina, zumar da tsufa bai rage wa zaƙi ba,

Ina gaishe ki, ke da ’yarmu Nuriyya da jaririnta. Bari in ba ki wani labari da ya gama zaga Rano kafin ya iso kunnena. Wai ba ki taɓa son koren fentin ɗakinki ba! Asibi mai ƙosai ce ta fara jefa mini shi, na yi dariya har hulata ta karkace. Yo kore fa! Koren da kansilanmu ya raba kyauta shekarar da soja suka koma bariki, aka shafe shaguna da gindin bishiyoyi da shi, saura kaɗan a haɗa da jakin Isiyaku. Daga baya yayarki Laraba ta maimaita, na ce tsegumi ne. Matar da ko a gidan biki gishiri ya yi yawa sai ta faɗa, ita ce za ta haɗiye bango huɗu ta yi shiru?

Sai kika tafi Kibiya zaman jego. Arba’in ta zo ta wuce, jariri har ya fara ƙyalƙyala dariya, ke shiru. Duk motar da ta tsaya a tasha sai na miƙe ina gyara riga. Can aka ce mini ɗakin da aka sauke ki yana da haske, har kina cewa a nan idonki yake hutawa. Wayyo ni Shitu! Ashe da furfurata bango zai ƙwace mini mata?

Na kira Lado mai fenti. Ya buɗe fari, na ce ba asibiti zan gina ba. Ya buɗe ruwan ɗorawa, na ce wannan ihu yake yi. Ya buɗe ruwan toka, na ce babu wanda ya rasu. Launin da nake nema ba shi da suna a kasuwa, ya ke tauraruwata. Launin sabuwar ƙwarya ne kafin a zuba mata nono. Launin kunun gyaɗarki ne idan ya huce, da shayin da kike sakar wa hannu da madara. Kin tuna kakar da muka dawo daga gonar Rurum, kika zauna a kan tarin karan dawa kina ɓare gyaɗa, ranar la’asar ta kwanta a kan karan nan da kumatunki har na rasa wanne ya ara wa wani kyau? To shi!

Lado ya zuba fari, ya ɗiga ruwan ƙasa, ya ɗiga ɗorawa, ina tsaye a kansa kamar mai gadin tukunya. Haɗin farko ya fito kamar kunun kanwa. Na biyu ya bushe ya koma fari fat. Sai da muka shafa na uku, na dube shi da hantsi, na sake duba shi da almuru, sannan na ce alhamdulillahi. Ɗakin yanzu ɗumi gare shi ko ba a hura wuta ba. Amma mene ne amfanin ɗumi in ba mai jin sa? Wa zai yi wa bangon nan faɗa in ya yi ƙura? Ki dawo, Salamatu, ki dawo! In bai yi miki ba, wallahi a sake, ko da Lado zai tare a gidanmu. Ni kuwa nawa launin ba ya koɗewa. Yadda kika same ni, haka za ki bar ni, naki ne har ƙasa ta rufe idona.

Za ki ce ina na samo launin. Da muka janye kabad ɗin kwanukanki, sai ga wani ɗan wuri a bango, bai fi faɗin faifai ba, an shafe koren da farar ƙasa haɗe da ’yar ja, ga shatin yatsu a jiki. Na san yatsun nan. Kaɗan na ɓamɓaro daga ciki na ba Lado ya kwaikwaya, sauran kuwa na hana a taɓa. Asibi ta faɗa, Laraba ta faɗa, na ƙaryata. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe na yarda, ke ce, Salamatu.

Mijinki mai jiran motar Kibiya,
Shitu