A Buɗe Akwatunan da Ɗana Yake Zaune a Kansu

Zuwa ga mai girma Darakta na makarantar koyon sana'o'i da ɗana Isufu yake karatu a cikinta, a nan ƙasar Tasawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka, ni ne mahaifin Isufu, ɗalibin sashen wutar hasken rana da gyaran famfo. Malamin firamare ne ni a wani ƙauye kusa da Bawdeta, na kusa aje alli. Ban ambaci sunan makarantar ba, don ba tozarta ka nake nufi ba. Na zo ofishinka har ƙafata ta gaji, kullum ana ba ni kujera da ruwan sanyi da haƙuri. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Na ɗaya. Ranar da na kawo yaron nan, da kanka ka zagaya da mu. Ka nuna mana sashen ɗinki, inda ƴan mata ke aiki da tsofaffin kekuna, kuma wallahi suna aiki, na yaba. Ka nuna mana wajen walda. Daga nan ka kai mu wani ɗaki mai sabon fenti, ka ɗora hannu a kan manyan akwatunan katako, ka ce a ciki akwai pano-pano na hasken rana da batura da famfo sukutum, kyautar wasu masu taimako. Ka ce da zarar babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle za a buɗe su. Damina biyu ke nan. Ƙusoshin da aka buga a ƙasar da aka yo su suna nan daram.

Na biyu. Ban ce ba a yi shirin zuwan baƙon ba. Karon farko aka ce ruwa ya ɓata hanya. Karo na biyu aka ce an canza masa wurin aiki, sai wanda ya gaje shi ya zauna. Karo na uku ya faɗo cikin azumi. Kowane karo yara na shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, su share fili, su jera kujerun haya, su yi layi cikin rana suna gwada tafi. In da makarantarka na ba da difloma a kan tarbar baƙi, da Isufu ya zo na ɗaya. Na karanta tarihi daidai gwargwado, na ga inda aka ci gari da yaƙi, na ga inda aka ci shi da yunwa, amma ban taɓa ganin inda almakashi ya tsare ilmi shekara biyu ba sai wajenka.

Na uku, kuma shi ne ya fi ba ni dariyar da ba ta da daɗi. Bencina ba su isa ba a ɗakin, don haka a kan akwatunan ɗalibai suke zama. Malaminsu, bawan Allah mai ƙoƙari, yana zana pano a allo, su kuma suna kwafa, alhali panon na gaske yana ƙarƙashinsu. Ruwan da makarantar ke sha kuwa, amalanken jaki ke kawo shi a jarka.

Na huɗu. Ga abin da ya sa na rubuto. Famfon ƙauyenmu mai aiki da rana ya tsaya tun kafin Babbar Salla. Mata sun koma tsohuwar rijiya, mai zurfin da sai an haɗa igiya biyu. Da Isufu ya zo hutu, maigari ya aika aka kira shi, jama'a suka bi shi har gindin tankin, don kowa ya san abin da aka tura shi koyo. Ina tsaye a baya. Yaron ya kira sunan kowane ƙarfe da Faransanci, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da aka miƙa masa sukundireba aka ce bismilla, sai ya ja da baya. Bai taɓa kwance irin wannan akwatin wuta ba, kuma ya ji tsoron ya ƙona abin da bai mutu ba. Ba wanda ya zage shi. Wata tsohuwa ce kawai ta ɗauki gugarta ta juya, sauran mata suka bi ta.

Tun ranar ba ya zama majalisa. Yanzu zancensa ɗaya ne, motar Agadas, daga can sai wajen haƙar zinariya. Wansa ya bi hanyar nan, yau abin da muke samu daga gare shi muryarsa ce a waya, in an dace da rezo layi ya kama. Uwarsu kuwa na ga ta daina ɗora tukunya da wuri. Ban kai yaron nan makarantarka don ya zama babban mutum ba, ranka ya daɗe. Na kai shi ne don ya samu abin da zai riƙe shi a gida.

Roƙona kaɗan ne. A zare ƙusoshin nan, yara su taɓa kayan da hannunsu kafin jarrabawar fita. In ana tsoron fushin baƙo, a mayar da kayan cikin akwati ranar da zai zo, ba zai ƙirga sawun yatsu ba. A samo wa yara benci. In kuma dole sai an yanke ƙyalle, matata tela ce, tana da almakashi mai kaifi da ragowar yadi, ni kuma ina da babbar riga guda wadda ba ta jin kunyar taro, kuma jawabina ba shi da tsawo.

Isufu ya yi mini alkawari zai dakata har a yanke gero. Ka san dai gero ba ya jiran babban baƙo, ga shi har ya fara fidda kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya shirya mana zuriya, taka da tamu.

Wassalam.

Naka,
Mushe Hamisu, wato Malam Hamisu, mahaifin Isufu,
daga ƙasar Bawdeta.