Ni Na Zare Wayar Injin Mama

Assalamu alaikum Anti Mutmainna. Don Allah ki taimake ni, kada ki ajiye wasiƙar nan sai wani watan. Ƙarshen wannan watan Babanmu zai kai ƙanena wani gida a bayan Doma, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Ƙanena kuwa lafiyar hankalinsa ƙalau.

Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Ni ba mai magana ba ce. Idan manya suna wuri muryata maƙalewa take yi, shi ya sa na zaɓi rubutu.

Sunansa Luqman, shekararsa shida. Kalmominsa ba su fi biyar ba, a ciki har da ruwa da Yaya, wato ni. Ba ya kallon idon mutum. Ba ya cin komai sai farar shinkafa da dafaffiyar doya, idan miya ta taɓa su ya bar kwanon. Yana da marafan kwalba cike da gwangwani, yakan jera su a ƙasa, ja wajen ja, kore wajen kore, kuma idan ɗaya ya ɓata ya sani. Amma idan abin ya taso masa sai ya toshe kunne, ya yi ta ihu, ya ciji hannunsa, ya buga kansa a bango. Hannun har ya yi kanta.

Mama tana da injin markaɗe a zauren gidanmu a Tudun Gwandara. Tun safe mata ke kawo wake da tumatir da gero. Wata rana Luqman ya fita da gudu, saura ƙiris keke napep ya take shi, tun daga ranar Mama take ɗaure shi da zani a jikin ginshiƙin zaure don idonta ya kasance a kansa. Ginshiƙin nan, Anti, taku biyu ne tsakaninsa da injin.

Kowa a danginmu ya zama likita a kan yaron nan. Gwaggo Sailuba, yayar Baba, ta taso tun daga Keana da ƙullin gishiri, wai a riƙa goga masa a harshe kullum da safe bakinsa zai buɗe. Gishirin da aka ɗura wa Luqman ya isa miyar biki, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, sai dai yanzu ko inuwar Gwaggo ya gani ya shige ƙarƙashin gado. Ita kuma ta ce wannan alama ce magani na aiki. Kawu Muhyiddin ya ce shagwaɓa ce, a ba shi yaron mako ɗaya da dorina zai dawo yana gaisuwa a durƙushe. Nasa 'ya'yan da ya rena da dorinar, ko ɗaya ba ya gaida mutum. An kawo wani mai ruƙiyya da ƙaramar lasifika, ya kafa ta a kunnen yaron da ko ƙarar cokali ba ya so. Luqman ya yi ihu har ya jiƙa wandonsa, mutumin ya juyo yana murmushi wai aljanin ne ke ƙonewa. Manya takwas a tsaye suna gyaɗa kai. Ni ina bayan labule ina kallonsu, na ce a raina ashe furfura ba ta sa mutum ya gani.

Abin da na gani, wanda su duk ba su gane ma'anarsa ba, shi ne ihun Luqman yana da lokaci. Da an ja igiyar inji yake farawa. Ranar Juma'a da Mama ba ta aiki da rana, sai ka same shi yana jera marafansa lafiya lau. Na so in faɗa. Sau uku ina buɗe baki a gaban Mama, Gwaggo ta ce in tashi in wanke bokiti, me yarinya ta sani. Su ma fa sun lura yana ihu idan an tada inji, amma fassararsu ita ce wani ne ya turo abu ta jikinsa don ya kashe wa Mama sana'a.

To ga laifina. Na sha ganin Malam Babandi makaniki yana gyaran injin, na san wata 'yar waya da ke zuwa fulogi. Wata safiya ina shara na zare ta, na tura ta ciki yadda ba za a gani ba. Mama ta ja igiya har kafaɗarta ta riƙe. Aka aika kiran Malam Babandi, aka tarar ya tafi ta'aziyya. Kwana uku inji bai tashi ba. Anti, kwana ukun nan Luqman bai ciji hannunsa ba ko sau ɗaya. Rana ta biyu ma ya kama yatsana ya ɗora a kan wani jan marfi, ya ce ja. Sabuwar kalma ce. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Da makanikin ya dawo sai ya ce wannan aikin hannu ne, waya ba ta zare kanta. Nan take Gwaggo ta ce ai dama ta sani, Maman Doose ce. Maman Doose maƙwabciyarmu ce, 'yar ƙabilar Tibi, tana sayar da agushi. Ita kaɗai ce a layinmu ba ta kiran Luqman mai iska. Takan zaunar da shi a gindin mangwaronta ta zuba masa agushi a faifai, shi da ita su yi ta ɓara babu mai cewa uffan, kuma ya fi ni sauri. Gwaggo ta ce natsuwar da yake yi a wurinta ita ce shaidar cewa ita ke riƙe da shi. Yanzu Mama ta daina gaishe ta, an hana Luqman zuwa, matan layi suna nuna ta da baki. Jiya ta ba ni mangwaro ta kan katanga, na kasa kallon fuskarta.

Da inji ya dawo aiki abin ya fi na da. Ranar Talata ya kifar da bokitin waken wata mata, da ta riƙe shi ya cije ta a hannu har jini. Ni ma na mare shi ranar, ban taɓa yi ba, kuma har yanzu tafin hannuna bai manta ba. Da Baba ya dawo daga tuƙin keke aka faɗa masa, sai ya ce ya gaji, ƙarshen wata za a kai shi. Wata mai kawo markaɗe ta ce ta san gidan, ana aske wa waɗanda aka kai can kai, ana dukansu da safe don abin ya fita. Luqman ko aski sai mutum uku sun danne shi.

Idan na faɗi gaskiya Baba zai iya karya ni, kuma za su ce ni ma an turo mini abin. Idan na yi shiru za su tafi da shi, Maman Doose kuma ta ci gaba da ɗaukar laifina. Anti, yaya zan yi?

Yayar Luqman, daga Lafiya.

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma tsallake waɗanda suka riga ta zuwa na sa ta gaba. Gida cike da manya, kowa da maganinsa a aljihu, amma wadda ta zauna ta kalli yaron ita ce wadda ake aike wankin bokiti. Abin da kika yi na lura da lokacin da ihu ke farawa da abin da ke tada shi, shi ne farkon abin da masana ke sa iyaye su yi. Gwaggonki ta ɗauko gishiri tun daga Keana, ba ta ɗauko wannan ba.

Ni ba likita ba ce, kuma ko likita ba ya yanke hukunci ta wasiƙa. Amma jinkirin magana, da rashin haɗa ido, da jera kaya, da tsanar ƙara, da zaɓen abinci, duk sun yi kama da abin da ake kira galahanga ko otizim. Ba hauka ba ne, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma turen maƙwabciya ba ne. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa. Ƙarar da ke damun kunnenki kaɗan, shi tana iya zame masa azaba, ga shi ba shi da bakin da zai ce a daina. Cizo da ihu su ne maganarsa. An ɗaure yaro kusa da abin da ya fi tsoro a duniya, sannan ana mamakin ya yi cizo. Addu'a kuwa alheri ce, a yi masa ita da murya mai taushi. Babu inda aka ce sai an kafa wa yaro lasifika a kunne kafin Allah ya ji.

Sai dai ke ma zan ja miki kunne. Injin nan shi ke ciyar da ku, kin tsayar da shi kwana uku, kuma baiwar Allah da ba ta yi muku komai ba sai alheri tana yawo da sunan mayya a layi. Wannan nauyi a kanki yake, kuma shirunki na ƙara shi kullum. Sannan ki rage wa iyayenki raini. Mamanki ta ɗaure shi ne don ta ga keke ya kusa kashe mata ɗa. Babanki ya gaji, yana jin kunyar mutane, yana tsoron ranar da cizon zai kai su gaban hukuma. Sun yi kuskure babba, amma kuskuren masu tsoro ne, ba na marasa ƙauna ba.

Ki fara da Mama, ita kaɗai, lokacin da Gwaggo ba ta nan. Tunda baki yana ba ki wuya, miƙa mata wannan shafin, ko ki karanta mata. Za ta yi fushi, wataƙila ki sha faɗa ko abin da ya fi faɗa. Ki daure. Ki roƙe ta abu ɗaya, ta gwada da kanta: mako guda, kafin a ja igiya a kai Luqman can nesa da zaure, ta ga abin da zai faru da idonta. Daga nan ku je tare ku ba Maman Doose haƙuri a gaban matan da aka ɓata ta a gabansu. Gindin mangwaron nan ya fi duk magungunan da aka kawo gidanku amfani, idan ta yarda a mayar da shi.

Babanku kuma kada ki tunkare shi ke kaɗai. Mama ta nemi wanda yake jin maganarsa, limamin unguwa ko wani dattijo mai hankali, a roƙe shi ya ɗaga tafiyar nan har sai likitan yara ya ga Luqman a babban asibitin Lafiya. A duba kunnensa, a tambayi inda ake koya wa irinsa magana. Ki riƙe littafi ki dinga rubuta lokacin da abin ya taso masa, da abin da ya faru kafin nan, da abin da ya kwantar da shi, ku tafi da shi wurin likita. Duk wanda ya ce yana da maganin da zai warkar da shi cikin mako, ku riƙe jakarku ku wuce.

A gida, duka ya tsaya, har da naki. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron hannu. A sa sakata a ƙofar waje maimakon zani a ƙugunsa. A riƙa sanar da shi abu kafin ya faru, da kalma ɗaya ko biyu, kullum iri ɗaya. Idan ya fara ihu, a rage magana, a janye mutane, a kare kansa daga bango, a ba shi tsumma mai tsabta ya ciza maimakon hannunsa. Ki koya masa wata alama ta hannu da ke nufin ya isa, kuma duk ranar da ya yi ta a saurare shi nan take, don ya gane akwai hanyar da ta fi cizo sauri. Ba zai canja a kwana ɗaya ba, wasu ranakun ma za ki ga kamar an koma baya.

Idan duk da haka aka ɗaura niyyar tafiya da shi, kada kunya ta rufe miki baki. Ki gaya wa tsohuwar malamarki ko ofishin jin daɗin jama'a, ki kuma sake rubuto mini a ranar. Sa wa yaro ɗan shekara shida mari zalunci ne, ko wa ya ba da shawarar.

Abu na ƙarshe, ban ji kin ambaci sakandare ba. Ke yayarsa ce, ba uwarsa ba, kuma kai irin naki bai kamata ya ƙare a bakin inji ba. Idan ƙura ta lafa, ki sa wannan ma a cikin roƙon. Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar da za ki tsaya gaban Mama gobe da safe, ya sassauta zuciyar Babanku, ya raya mana Luqman a cikin gidansu.

Taki,
Anti Mutmainna