Ba Zan Mayar da Akwatin Ba Sai Kun Ba Ni Labarin Rabi

Zuwa ga mai girma Daraktan buron da ya raba wa 'yan ritaya ƙananan akwatunan ordinato, wato kwamfuta, a Konni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da mutanen buronka baki ɗaya. Ni tsohon malamin lakwal ne a Tsarnawa. Na daɗe da aje alli, ƙafafuna kuma ba su kai ni Konni yanzu, shi ya sa na rubuto maka a fili, don sauran tsofaffin da kuka ba irin akwatina su ji. Da hannu na rubuta, in ka ga layukan sun karkace ka yi haƙuri.

Makon jiya ma'aikacinka ya zo gidana bisa babur, ya ce an aiko shi karɓar akwatin, wai babbar na'urarku ta nuna ba na amfani da shi. Ban ba shi ba, kuma ba zan bayar ba. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Ranar da kuka kawo mini shi, da gilashin kallo da allon haruffa, an nuna mini inda zan danna ya kunnu, an ce in rubuta abin da nake so. Na ce ina da abin rubutawa. Matata Rabi ta rasu, jikokinta an haife su can nesa, ba su san ko muryarta ba. Na ɗauki niyyar in rubuta musu ita tun daga ranar da aka kawo ta daga Bazaga bisa amalanken jaki: yadda ta riƙe gida shekarun da aka tura ni koyarwa ƙauyukan Illela, yadda take ajiye irin wake cikin toka, da abin da take faɗa in ta yi fushi. Tun damanar bara nake wannan aiki. Ni kaɗai na rage wanda ya san waɗannan abubuwa.

Na biyu. Kun ce ba na amfani da shi. Ranka ya daɗe, hannuna yana rawa. Lokacin da yake bin umarnina shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. A wannan lokacin nake kunna akwatin, sai gilashi ya tsaya yana jira, ni ma in zauna ina jira, don babbar na'urar da ke buronku ba a tayar da ita sai ma'aikata sun iso. Kafin ku gama gaisawa ku kunna ta, yatsuna sun fara buga harafi biyu maimakon ɗaya. Ranar Juma'a kuna kashe ta kafin masallaci, sai Litinin. Na'urarku tana lissafin lokacin da ita take a farke ne kawai. Safiyoyin da na zauna gabanta tana barci, wa ya rubuta su?

Na uku, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ni ɗan zamanin keken rubutu ne, abin da ka buga yana nan a hannunka. Na ɗauka labarin Rabi yana cikin akwatin nan. Da ruwa ya yi ƙarfi rufin ɗakina ya fara yoyo, na cire wayoyi na naɗe akwatin cikin zanenta na cusa shi a tukunya, ni kuwa na jiƙe da tabarmata. Mura ta kwantar da ni, ban yi da-na-sani ba, ina ganin na tsare ta. Sai makon jiya ma'aikacinka yake gaya mini, yana murmushi, cewa babu komai cikin akwatin, taga ce kawai, rubutun duka yana can wurinku, kuma in an karɓi akwati ana share wurin mutum a ba wani. Ashe fanko nake gadi. Me ya hana ku faɗa mana haka tun ranar farko? Ba mu ƙi koyo ba, mu muka koya wa iyayen wasunku karatu.

Saboda haka ga abin da nake nema. A buga mini duk abin da na rubuta a takarda, a kawo mini gida in karanta da idona in tabbatar babu shafin da ya ɓace. A bar babbar na'urar a kunne da asuba, ko a faɗa wa tsofaffi gaskiya cewa akwatin shi ma ma'aikacin gwamnati ne, yana da lokacin zuwa da na tashi. Kuma kada a sake share wurin kowa sai an tambaye shi abin da ya ajiye.

Ba na musun cewa akwatin naku ne. Amma matata tana hannunku, akwatinku yana hannuna, kuma ba zan saki ba sai kun saki. In kun ga dama ku aiko jandarma. Ƙofata ba ta da kwaɗo, ba ni da ƙarfin gudu, za su same ni zaune. Sai dai su shirya jin labarin Rabi tun daga farko, don in kun share shi, baki kaɗai ya rage mini.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya ba ka tsufa cikin mutanenka, ya sa abin da ka ajiye ka same shi inda ka aje.

Ranar da takardun suka iso, akwatin yana nan cikin tukunya, ku ɗauka. Zanen kuwa, ku bar mini shi.

Wassalam.

Tsohon malamin lakwal,
Tsarnawa.