Mangwaro a rufin motar Dadu

Kolkata, farkon damina

Ma,

Ina taɓa ƙafafunki da na Baba don girmamawa. Yaya tarin Baba? Ƙanena Poltu yana zuwa makaranta kuwa? Ni lafiya lau, hannuna ne kawai ke tsagewa saboda wanki, amma ba komai.

Ma, na yi ɓarna. Dadu, tsohon da nake wa aiki, yana da tsohuwar jar mota mai kujera biyu. Da rani ana cire rufinta a ajiye. Na ga rufin a bayan gida, cikinsa na kallon sama, na zaci babban daro ne. Sai na shanya mangwaro da barkono da mai a ciki, yadda kike yi. Man ya ɓata ƙyallen ciki. Mai girki ta ce, "'Yar ƙauye, fara haɗa kayanki!" Kwana biyu na kasa cin abinci.

Jiya hadari ya haɗo. Rufin sai mutum biyu ke ɗaga shi, shi ne Dadu ya kira ni. Muka ɗora shi a kan motar. Ya shiga ya zauna, ya yi atishawa uku. Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Jhumur, wa ya koya miki wannan haɗin?" Na ce ke ce. Sai ya ce tun rasuwar matarsa bai ji wannan ƙamshin ba. "Ki sake yi, jikata, amma a tabarma."

Ma, gishiri yaya kike sawa? Poltu ya rubuto mini. Kuma a gyara rufin ɗakinmu kafin ruwa ya kankama.

'Yarki,
Jhumur